Namijin Dabinon Baba

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Inna da ƙafarta, yaya yara? Ni lafiya lau, sai ƙayar dabino da ta huda min hannu ya ɗan kumbura. Kada ka gaya wa Inna.

Na ga saƙonka cewa ka sare dabinon bayan gida saboda bai taɓa haihuwa ba. Yaya, namiji ne, ta ina zai haihu? Garin furensa ne iska ke kai wa sauran ukun har su yi 'ya'ya. Aikina ke nan a gonar dabinon da nake ciki a nan, kullum ina saman bishiya ina ɗaura furen namiji a jikin na mace. Da na ba mai gonar labari, sai ya ce, "Yayan naka da me ya haɗa shi da matan?"

Don Allah, da zarar sun buɗe fure, ka roƙo furen namiji wurin mai lambun bakin rafi, ka ɗaura musu cikin kwana uku. Baba ne ya shuka su, ba na so in dawo in tarar da ganye kawai.

Allah ya bar zumunci. Amma da ka tambaye ni kafin ka ɗauki gatari.

Ƙaninka