Lasifikar Hagu

Litinin, 3 ga Maris

Yara sun gama kwashe kayan uwarsu. Kabad, kafet, labule, har kujerarta. Falo ya yi faɗi, in na yi tari sai bango ya maido mini da abina. Auta ta sake tayar da maganar in koma gidanta, wai akwai ɗaki a ƙasa, babu hawan bene. Na ce ƙafa lafiya, ido lafiya, kunne lafiya, me zai kai ni zaman gidan suruki? Ta ce, "To Baba, ranar da ɗaya ya gaza, babu gardama." Na ce na yarda. Na faɗa ne don ta tafi.

Talata, 4 ga Maris

Na sa faifai, karon farko tun rasuwar mai ɗakina. A zuciya ban ji komai ba. A kunne kuwa, lasifikar hagu ta yi sanyi. Mai sarewar da ya saba zama ta can kamar an kulle shi a banɗaki yana busawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na janyo lasifikokin biyu daga jikin bango don sautin ganga ya daina kumbura. Na ɗora kowace a kan benci daidai tsayin kunne, na ɗan karkato fuskokinsu su kalli inda nake. Na auna da igiyar shanya, tazara ɗaya daga kowace, na dasa kujerata a tsakiya. Shekara da shekaru ina neman tsakiyar nan, mai ɗakina tana cewa hanyar kicin ce, in matsa. Yau babu wanda ya ce in matsa. Hagu tana nan yadda take.

Juma'a, 7 ga Maris

Ban kunna ba. Na dai zauna.

Lahadi, 9 ga Maris

Tela maƙwabcina ya leƙo, ya tarar da ni a durƙushe ina jan benci. Ya ce, "Tsoho, ɗakinka ne tsirara, ka bar wahalar da bayin Allah." Ya kawo bargo muka rataya a taga. Amsa-kuwwar ta ragu, gaskiya. Ya zauna a kujerata ya lumshe ido, ya ce shi dai daidai yake jin su duka biyun. Na ce kunnen da ya tsufa a gindin keken ɗinki me ya sani? Ya yi dariya, ya tafi ya bar mini bargon.

Laraba, 12 ga Maris

Na musanya su, ta hagu ta koma dama. Sanyin bai bi akwatin ba, ya yi zamansa a hagu. Na musanya wayoyin, haka. Daga nan ban san abin da ya sa ba, na juya kujerar na ba su baya. Sanyin ya tashi ya tsallaka ɗaya bangon. Ni yake bi.

Na daɗe ina kallon fenti. Na dafa shayi, ya huce a hannuna.

Asabar, 15 ga Maris

Surukina, mijin Auta, ya zo gyara famfo. Yana wanke hannu ya ce, "Af, Baba, ranar kwasar kaya na ga maɓallin nan mai raba sauti ya karkace hagu sosai, na mayar muku da shi tsakiya." Na ce madalla, Allah ya yi albarka.

Ni ban taɓa kai hannu wajen maɓallin nan ba. Mutum ɗaya ce take goge na'urar, mai ɗakina. Tun yaushe take murɗa shi, a hankali a hankali, ban sani ba. Matar da ko cokali na ajiye ba a wurinsa ba sai unguwa ta ji. Wannan kuwa ta haɗiye.

Lahadi, 16 ga Maris

Na murɗa shi hagu. Mai sarewa ya fito daga banɗaki, tsaf da shi. Na kashe tun faifan bai kai rabi ba.

Talata, 25 ga Maris

Auta ta ce ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofa, har tela ya fito. Barci na so in ce nake yi, kalmar ta zo har baki. Ban ce ba. Ta ja benci ta zauna ta haguna tana ba ni labarin 'ya'yanta, ina ganin baki yana motsi, maganar tana isowa guntu-guntu. Na ce, "Dawo ta nan." Ta dube ni. Ta ɗauki bencin ta zagayo dama, ta sake labarin tun daga farko, ba ta ɗaga murya ba.

Da za ta tafi na tambaye ta ɗakin nan na ƙasa, ƙofarsa a tsakiyar bango take ko a gefe, kuma da labule ko babu. Ta ce a gefe take, labulen kuma mai kauri ne.

Tambaya kawai na yi.