Inna, Na Je Dugabau

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, Allah ya yalwata makwancinki. Ni ce Asabe. Ina rubuto miki ne daga ɗakin da nake haya a Kano, jiya na dawo daga Dugabau, har yanzu gwiwoyina ciwo suke yi. Na san mutane ne za su karanta takardar nan, ba ke ba. Su karanta. Shekara talatin da ɗoriya suna kallona, ba ni da sauran abin ɓoyewa.

Hindatu ce ta kira ni, 'yata da kika yi rainonta. Babbar 'yarta, Maryama, ta sauke Alƙur'ani, ta ce in je walima. Kin san abin da wannan kiran yake nufi. Amma masu leƙen takardar ba su sani ba, don haka ki yi mini haƙuri in koma baya.

Kin tuna sanda nake aikin shara da wankin ciwo a ƙaramin asibiti a Gwarzo. Ma'aikatan lafiya suka haɗa 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, muna bin ƙauyuka ranar kasuwa muna koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro yana gudawa. Ni nake fitowa a uwa mai taurin kai, wadda ba ta jin magana. Wata rana a Kutama, muna tsakiyar wasa, wata tsohuwa ta ratso mutane ta fizge ƙunshin tsumman da na rungume a matsayin jariri, tana faɗa wai zan kashe ɗan mutane. Kowa ya yi dariya. Ranar na gane Allah ya ba ni wani abu.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Ana layin sabulu, ana layin madara, aka rage ma'aikata, sunana yana cikin na farko. Shekarar ce kuma mahaifin Hindatu ya rasu, tana da shekara uku. Na dawo gida Kabo da yarinya da akwati ɗaya. Ina nan zaune wani mutumin gidan talabijin da ya taɓa ganin wasanmu ya aiko, wai suna neman mace mai iya magana gaban jama'a.

Baba yana zaure da ɗalibansa na aika aka faɗa masa, don ban iya tunkararsa ba. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Ke ce kika shiga kika fita, ban san me kika ce masa ba har yau. Abin da kika ce mini dai shi ne: "Bar mini yarinyar. Ki je ki ci halak ɗinki, amma kar in ji kin ajiye mayafi."

Ban ajiye ba, Inna. Ko sau ɗaya.

Mutane suna zaton daɗi muka sha a talabijin. Da kayan jikinmu muke fitowa. Zani biyu gare ni na kirki, har masu kallo suka haddace su. Mu wuni a ɗakin ɗauka, fitilu suna gasa mu, a maimaita magana ɗaya sau goma saboda wani ya yi tari. Duk da haka ina son aikin, ba zan yi miki ƙarya ba. In aka ce a fara, sai in manta yunwa, in manta takaba, in zama wata matar da ba ni ba. Da finafinan kaset suka fito sai aka mayar da ni uwa. Na aurar da 'ya'ya a fim ba adadi, na yi musu kuka, na sa musu albarka. Tawa 'yar kuwa sai da Sallah nake ganinta. In na zo da atamfa da sabulu ta durƙusa ta karɓa ta ce, "An gode, Yaya Asabe," ta koma bayanki ta laɓe.

Ba ki taɓa kallona a talabijin ba. Kin ce idonki ba ya son hasken akwatin. Daga baya maƙwabta suka faɗa mini duk washegarin da aka nuna mu sai kin bi su kina tambaya, yau kuma me ta yi, an dai ba ta gaskiya ko?

Da aka ƙaddamar da Shari'a na yi murna kamar kowa, ai 'yar malam ce ni. Ba a jima ba aka dakatar da yin fim, daga baya aka buɗe da sharuɗɗa. Sharuɗɗan ba su dame ni ba, ni ba rawa nake yi ba, ba waƙa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda kalmar 'yar fim ta koma zagi. Ana faɗarta a wa'azi, ana faɗarta a mota. A kasuwar Gwarzo wani mai tumatir da ya sha kirana in zo in zaɓa ya ga na nufo shi, ya kau da kai ya tofar da yawu. Na wuce kamar ba shi na nufa ba.

A wannan tsakanin ne Malam Nasiru ya fito neman Hindatu. Malamin Islamiyya ne daga Dugabau, gidansu gidan malamai, yaro mai hankali, har gobe ba ni da abin faɗa a kansa. Danginsa suka yi bincike suka gano wadda ta haife ta. Mahaifiyarsa ta aiko da sharaɗi: za a yi auren, amma kada in halarci biki, kuma kada in taka gidansu. Lokacin Baba ya rasu, maganar tana hannunki. Kin ce a mayar musu da kayansu. Hindatu ta daina cin abinci. Na leƙa ɗaki na gan ta kwance ta juya wa ƙofa baya, na dawo na ce miki a karɓi sharaɗin.

Ranar kai amarya ina ɗakin ajiyar hatsi na bayan gida, na jawo kwandon gyaɗa ina ɓarewa don hannuna ya sami abin yi. Ina jin guɗa, ina jin motoci suna tashi. Na ɗauka kin bi su. Sai ga ki kin ɗaga labule, kin zauna a ƙasa, kin jawo kwandon tsakaninmu. Kika kama ɓara tare da ni. Can kika ce, "Ni na tura ki Kano. In laifi ne, mu biyu za mu amsa shi."

Bayan nan na bar fim har tsawon shekara biyu. Na zauna wurinki ina tuyar awara a ƙofar gida, ina jiran ko za a ji labari a Dugabau a ce to, ta tuba, ta zo. Ba wanda ya aiko. Masu sayen awarar ma cewa suke a je gidan 'yar fim. Da na ga sunan ba zai bar ni ba, kuma tuyar ba ta riƙe mu, na koma aikin da na iya.

Jikokina a tsakar gidanki na san su, in Hindatu ta kawo miki su kika aiko mini in yi maza in zo. Da kika rasu sai wurin haɗuwar ya ƙare. Mun yi zaman makoki tabarma ɗaya da ita, muna yi wa juna gaisuwa kamar baƙi. Daga nan sai waya, ita ma jefi-jefi.

To, na je, Inna. Na hau motar Gwarzo, na sauka, na hau babur, ƙafata ta taka gidan nan. Na shirya wa kunya, na shirya wa a nuna mini lungu. Abin da na tarar daban. Mata suka yanyame ni, kowa da wayarta, a tsaya a yi hoto. Aka kai ni ɗakin mahaifiyar Malam Nasiru. Ta tsufa ƙwarai, ba ta iya tashi. Ta riƙe hannuna ta ce duk shirin da nake ciki ba ya wuce ta, ina sa ta kuka. Ba ta tayar da tsohuwar magana ba, ni ma ban tayar ba. Ban sani ba ko ta manta ne. Na nemi fushin da na daɗe ina ajiye mata na rasa, na nemi murna ita ma babu. Gajiya kawai na ji. Na yi musu murmushi har aka gama hotunan.

Maryama ta yi karatu, murya tar, ba gargada. Ke da Baba kuka faɗo mini a rai.

Da la'asar mutane suka ragu, na yunƙura zan tashi gwiwa ta ƙi. Hindatu ta gani. Ta shiga ɗaki ta ɗauko man zafi, ta durƙusa a gabana, ta ɗage mini zani zuwa gwiwa ta shiga murzawa. Rabon da hannunta ya taɓa jikina tun tana goye. Akwai furfura a gaban goshinta, Inna, ban san sanda ta fito ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ki zauna mana zuwa Juma'a."

Na ce mata ina da aiki gobe, an riga an sa ni, in ban je ba wata za a ba. Gaskiya na faɗa. Yanzu yara ne suke shirya finafinan, tsohuwa irina fitowa biyu ce a sallame ta, in kika ƙi zuwa sau ɗaya ba a sake kiranki. Ta ce, "To." Ta rufe kwalbar man, ta sa mini a jaka, ta raka ni har bakin hanya.

Yau da safe na yi wanka na shirya, na ɗaure gwiwa, sai aka bugo waya aka ce an ɗaga aikin sai wani makon.

Na zauna a bakin gado da mayafina a kafaɗa, na rasa wanda zan faɗa wa, shi ne na ɗauko takarda. Na gaji, Inna. Ban yi da-na-sanin aikina ba, da shi na ci, da shi na yi miki jinya, kuma na san akwai waɗanda na sa dariya a ranar da ba su da dalilin yi. Amma ya ci mini abin da ban san ta ina zan fara neman sa ba. Gobe da sassafe zan koma tasha in kama hanyar Dugabau. Ba zan kira Hindatu ba, kada ta ce in bari sai na huta, ni kuma in sami hanyar fasawa. Juma'a da sauran kwana huɗu.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya sa kabarinku ya zama dausayin Aljanna. Abin da kika ɗaukar mini, Allah ya sauke miki shi da rahamarsa, kada ya tambaye ki komai a kaina. Ya shirya mini Hindatu da 'ya'yanta, ya ba ni ƙafar da za ta kai ni ƙofarta. In tawa ta zo, ya sa in cika da imani. Amin.

'Yarki,
Asabe