Layin da Baba Bai Gani Ba

Zuwa ga Goggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu ma muna nan lafiya, Umma tana ɗinkinta, Auta ya fara cire haƙora. Kin san ni da nauyin baki, ko a waya sai in yi ta "to, to". Shi ya sa na zaɓi biro.

Goggo, maganar ƙaninki ce, Baba. Tunda ya sayi injin nan kin ga aikinsa ya koma gyaran dutsen wasa wuƙa. Idan dutse ya daɗe yana aiki tsakiyarsa takan lotsa kamar tsohuwar katifa, sai mahauta da kafintoci da masu aski su kawo a daidaita musu. Injin faifan ƙarfe ne mai juyawa. A barbaɗa masa baƙin gari mai kama da yashi, a yayyafa ruwa, a danna dutsen a kai. Garin kashi biyu ne, mai kaushi da mai laushi, kowanne da gwangwaninsa. Kafin a fara, ana jan layuka da fensir a fuskar dutsen. In sun goge kaf, ya daidaita. In da saura a tsakiya, da sauran rami.

Ni nake ja masa layukan idan na dawo daga makaranta, sannan in koma kan benci da littafina na soyayya. Baba yakan tsokane ni wai jarumin littafin ba zai zo shagon da ke warin tsatsa ba. Wata biyu da suka wuce ya miƙo mini dutse ya ce in nannaɗe, ya gama. Na duba, ga layukan nan raɗau a tsakiya. Kunya ta hana ni magana, na sa babban yatsa na goge su da kaina. Har yau abin yana cina.

Satin da ya wuce mai askin bakin kasuwa ya kawo dutsen da ya gada daga mahaifinsa, sumul kamar sabulu. Baba ya ɗebo gari mai kaushi a maimakon mai laushi, dutsen ya fito duk zane-zane. Mutumin bai yi faɗa ba, ya dai ce ashe Malam ma ya fara tsufa, ya ɗauki abinsa ya fita. Da ma zagi ya yi. Tun daga ranar Baba ya koma shafa dutse da yatsu alhali faifan yana gudu. Ranar Talata na ga ruwan garin ya yi ja. Fatar yatsunsa biyu ta cinye, shi kuma bai lura ba sai da na kashe injin.

Na yi ƙarfin hali na ce mu je a duba idonsa. Ya ce ƙura ce kawai, kuma kada in kuskura Umma ta ji. Shi da yake yawan cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai na daina amfani da fensir na koma gawayi, ina ƙara wa layin kauri kullum ba tare da na faɗa masa ba. A littattafaina in an yi kuka a tsakiya, shafin ƙarshe yakan gyara komai. Na jira shafin nan, Goggo, bai zo ba.

Jiya na ja masa layi mai kaurin yatsana. Ya ɗaga dutsen, ya kai shi bakin ƙofa wajen haske, ya juya shi sau biyu. Sannan ya tambaye ni a hankali me ya sa yau na manta ban ja layi ba.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ke kaɗai ce in kin ce ya tashi zai tashi. Don Allah ki zo ki kai shi asibiti tun yana da sauran gani da sauran yatsu. In ya yi fushi da ni, na yarda.

Ki gaida Kawu, da Yaya Babba da amaryarsa, da 'yan biyu. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
'yar ƙaninki da kike kira Shiru-shiru