Tukunyar Sabulu

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da uwargidan da yara. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa.

Ƴarka Mai Tabarau ta kwana ashirin a wurina. Ka ce na ajiye ta saboda gidana ya fi kusa da wurin lesin, kuma wai in ta sake faɗuwa jarrabawar shiga makarantar injiniyan nan karo na uku, shago za ka zaunar da ita. To na ajiye ta. Amma abin da take yi ba karatu ba ne. Tun safe take zagaya tsakar gida tana furotin, sitaci, kitse, kamar aku. Na tambaye ta mene ne furotin ɗin, ta ce yana cikin ƙwai. Na ce ta soya mini ɗaya na gani, ta ƙona shi.

Jiya kuma ta juye mini aidin ɗin da nake sa wa ciwo a kan burodi, wai ta ga zai yi baƙi. Ya yi baƙin. Ta sa ni asarar abu biyu.

Na ga malamin nasu. Wani siriri ne mai kwat a cikin zafin nan. Dokarsa ɗaya ce, a haddace, kada a yi tambaya. Wannan ka zaɓa wa ƴarka? Da ma tun kana ƙarami kwat ke ruɗa ka.

Ka gaida kowa.
Uwarka.

Zuwa ga ɗana,

Ina gaisuwa. Yaya jikin matarka? Allah ya ƙara sauƙi.

Na cire yarinyar daga lesin. Kada ka zo mini da ihu, ni na haife ka.

Ran Talata na same ta a bayan kicin tana kuka a kan littafi. Wai Mai Kwat ya ce mata a gaban mutane kanta ba na kimiyya ba ne. Na ce wane shafi ne ya gagare ta? Sai ta karanto mini yadda kitse ke haɗuwa da soda ya zama sabulu. Na kusa faɗuwa don dariya. Shekara arba'in ina wannan aikin, da shi na ciyar da ku bayan rasuwar ubanku!

Na ɗauki sandata na je na tambayi mutumin yaya ake gane sabulu ya nuna. Ya yi ta zuba mini turanci. Na ce ya taɓa juya tukunya? Bai taɓa ba. Hannunsa ma kamar na jariri.

Na sauko da tsohuwar tukunyata. Yarinyar ta juya har kafaɗarta ta sage, ta ga man da muka zuba ya rikiɗe ya zama sabulu da idonta. Na sa ta matsa lemon tsami a madara ta ga yadda take tsinkewa. Na sa ta tauna burodi har ya yi zaƙi a bakinta, ta daka tsalle wai miyau ne ke fasa sitaci. Ni da ba ni da haƙora na daɗe da sanin haka. Yanzu sai ta taɓa abu sannan ta koma ta zana abin da suke kira ƙwarangwal ɗinsa a takarda. Zanen dai shirme ne a idona, amma ta daina kuka.

Uwarka.

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kowa lafiya.

Ka ji ta ci jarrabawar, don haka sai ka nemi wani ya zauna maka a shagon. Na karanta takardarka da kake cewa da ma ka san za ta iya. Ƙarya kake.

Mai Kwat kuwa ya rubuta sunanta da alli a allon ƙofarsa, a sama, cikin ɗalibansa da suka yi nasara. Na je da bokiti da sabulun da ta yi da hannunta, na wanke wurin tas, yana tsaye yana kallo. Sabulun ya ɗan yi soda da yawa, har fentin allon ya ɗaye.

In za ka zo ɗaukarta ka taho mini da aidin.

Uwarka.