Kaka da Kyankyasan Basha

Yaya Mazin,

Na wuce makaranta. Ka yi haƙuri da rubutun, cikin sauri na yi shi.

Da safe Kaka ta ga man basilin da kake shafawa a bakin robar kyankyasan da kake ciyar da ƙadangarenka Basha da su, don kar su hauro. Ta ce ƙazanta ce, ta goge shi tas. Kafin shayi ya tafasa sun hauro, har cikin tukunyar wakenta.

Ban taɓa ganinta haka ba. Ta cire silifa tana maka musu tana ihu, “Ku fito, 'yan banza, yau sai na ga bayanku!” Bango duk ya ɓaci. Ta feshe falo da maganin ƙwari, sannan ta ɗauko taɓaryar tagulla ta ce, “Saura ubangidansu!”

Basha take nufi, amma na riga ta isa wurinsa. Basha yana cikin kwali bayan littattafaina, na ce mata ya gudu.

Don Allah duk kyankyason da ka tsinta, ko yana motsi, kar ka ba shi, ya sha guba. Kuma kar ka yi dariya gabanta. Taɓaryar tana kan cinyarta.

Nirmin