Zalɓen da Bai Shiga Lissafi Ba

Tsibirin Ƙarƙanna,
20 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Lutfi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Salwa da yara, kuma sanyin Marsiliya bai fara takura muku ba. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi. Mu nan alhamdu lillahi. An gama tsinkar dabino, ƙanenmu Hadi yana ta gyaran tarkon kifi, Goggo Zuhura kuwa gwiwarta ta yi sauƙi har tana hawa bene.

Na karanta saƙonka a kan a kai Baba gidan jinya a birnin Safakis. Da ya same ni mako biyu da suka wuce, da na ce to, don na gaji da kuka a ɓoye. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye a watan Afrilu, likita ya ce ƙafar za ta iya ɗaukarsa in zai gwada, amma ya ƙi ko da taku ɗaya. Kullum yana kan keken marasa lafiya, ya ba taga baya. Sai dai bari ka ji abin da ya faru ranar Asabar.

Ka tuna gasar kallon tsuntsaye da suke yi kowace kaka, lokacin da tsuntsayen Turai ke yada zango a nan? Ƙungiya biyu, daga asuba zuwa magariba, wadda ta fi ganin iri-iri ta ci, waɗanda aka kayar su dafa kuskus da kifi. Bana Baba ya ce ba da shi ba. Ranar Juma'a sai ga Malam Munji, tsohon shugaban makarantarmu, wanda shekara goma sha ɗaya shi da Baba suna kayar da juna. Ko zama bai yi ba ya ce ya zo yi wa Baba godiya ne, tunda ya fake da ciwo don ya gaji da shan kaye. Ya ƙara da cewa dama masunci irin Baba bai san tsuntsu ba sai wanda ya sace masa kifi. Baba ya ce masa tsohon banza, wanda ba ya bambance balbela da ledar shago sai da littafi. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin ciwon. Malam na fita Baba ya ce in nemo masa madubin hangen nesansa.

Ranar Asabar da asuba na tura shi a keken muka bi su Hadi, 'yan ƙungiyarmu. Kafin azahar ƙungiyarmu ta ga iri hamsin da uku: tsattsewa, alhudahuda, gauraka, har da gaggafa mai kamun kifi. Da suka nufi cikin fadamar gishiri inda keke ba ya shiga, sai muka tsaya ni da shi a bakin gaɓa. Ya ce yunwa yake ji, na tafi shagon da ke kan hanya sayo burodi. Ban yi minti ashirin ba.

Yaya, na dawo na tarar da keken babu kowa a kai, bargonsa a ƙasa, ga ruwan teku ya fara cikowa. Ban san lokacin da na yar da burodin ba. Na shiga ruwa har gwiwa ina kiran sunansa, ina tunanin da wane baki zan faɗa maka. Da na juyo ne na ga sawu a kan laka, ɗaya cikakke, ɗaya na jan ƙafa. Na bi shi ya zagaya bayan dabinai, tafiyar da ta fi daga gidanmu zuwa masallaci. Can na same shi zaune a kan wani kifaffen kwalekwale, riƙe da reshen dabino da ya yi sanda da shi, wando duk laka.

Maimakon ya ba ni haƙuri, sai ya daka mini harara, ya ce in rufe masa baki, ihuna zai kori baƙo. Wai wani ɗan zalɓe ne mai wuyar gani ya bi cikin ciyawa. Ka san dokarsu, sai mutum biyu sun ga tsuntsu ake rubuta shi. Ya miƙo mini madubin ya ce in duba maza. Na ɗora a ido, amma hawaye ya hana ni ganin komai. Kafin in share, zalɓen ya tashi.

Da magariba aka ƙirga: su Malam sittin da takwas, mu sittin da bakwai. Da na ga zalɓen nan da an yi kunnen doki. Baba ya faɗa wa duk wanda ke wurin cewa ya haifi 'yar da ta sayar da shi da kuka. Malam Munji ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, sai ya lura a tsaye Baba yake maganar. Ya cire tabarau yana gogewa.

Jiya mun dafa musu kuskus ɗin, Baba da kansa ya gyara kifin. Yanzu kullum da safe yana takawa zuwa bakin gaɓa, ina biye da shi daga nesa don kada ya gan ni. Likita ya ce a ci gaba da haka. Saboda haka maganar Safakis a bar ta, Yaya. Ka kwantar da hankalinka, nima na fara samun barci.

Ka gaida Anti Salwa, da Rim da Ziyad. Goggo Zuhura da Hadi suna gaishe ku. Baba ya ce in faɗa maka ka nemi hutu a Oktoba mai zuwa, don yana bukatar abokin tafiya wanda idonsa ba ya yoyo.

Taka ƙanwa,
Naziha