Ladi, Agwaginki Suna Nan a Tunga

Zuwa ga aminiyata Ladi, a Kuta.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Markus da yara, da kuma jikin surukarki da kika koma jinya.

Bayan haka, na ji an kai miki labari wai an kwashe agwagin da kika bar mini, an tumɓuke lambun bayan gida. Wanda ya gaya miki bai tsaya ya ga ƙarshe ba.

Kin tuna filin da ke jikin katangarmu, inda muke shanya? Wani ɗan kwangila ya saya, ya ɗora bene. Bai yi wata biyu da tarewa ba ya kai ƙarata wurin duba-gari. Wai agwagina suna wari, lambuna yana tara sauro, wai Minna ta zama babban birnin jiha, ta wuce kiwon ƙauye. Duba-gari ya zo ya ba ni kwana bakwai in kawar da su. Malam ya ce in sayar a zauna lafiya. Shekara goma sha tara ban taɓa musa wa mijina ba, amma ranar na ce a'a.

Ta yaya zan sayar? Ina tuna ranar da kika shigo da ƙwan agwagwa shida a bakin zane, kika sa wa kazata mai kwanci. Da suka ƙyanƙyashe suka faɗa cikin daro suna iyo, kazar tana zagaye tana kuka, muka yi dariya har kika zauna a ƙasa. Kika ce da Hausarki: "Agwagwa ba ya mutuwa da sauri, Hajara, kai dai ka ba shi dusa da ruwa."

Shekarar da aka sallami Malam daga aikin jirgin ƙasa, alayyahun nan da kuɓewa da ƙwan agwagwa su suka riƙe tukunyata. Ban kai kwano gidan kowa ba. Shi ne wanda ya zo jiya zai ce abin ƙazanta ne?

Kwana bakwai ɗin nan ban roƙi kowa ba. Na haƙa rami na ruwan wankansu, na kewaye su da zana, kashinsu na kwashe na zuba wa tumatir. Hannuna duk ya yi kanta.

Ranar da duba-gari ya dawo na zagaya da shi ko'ina, ya leƙa, ya shinshina, bai sami komai ba. Sai na ce ya biyo ni lungu. Na nuna masa bututun banɗakin benen, yana tsiyaya a hanyar da yara ke bi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rubuta takarda. Ba ni ya miƙa wa ba.

Yanzu mai bene ba ya amsa gaisuwata. Ni kuwa kullum sai na gaishe shi, da ƙarfi.

Ladi, makon jiya agwagwar nan mai baƙin wuya ta fito da 'ya'ya goma sha ɗaya. Na juya in kira ki ta kan katanga, sai na tuna wasu ne a ɗakinki. Na ƙirga su ni kaɗai.

Allah ya tsare mini ke, ya ba ku damina mai albarka, ya sa ƙafarki ta sake taka tsakar gidan nan ina da rai. Amin.

Taki har kullum,
Hajara